MUHAMMADU MAKAU, SARKIN ZAZZAU DA YA BAR ZARIYA

Duk wanda ya tashi daga Dandamisa ta ƙasar Makarfi zai tafi Abuja, ko neman aiki ya kai shi ko bin takardun fansho, hanyarsa ita ce ya biyo ta Zariya, ya wuce Kaduna, ya yi ta kudu har ya hango Dutsen Zuma, sa'an nan ya sauka Zuba ya nemi motar shiga birni. Jama'a da yawa suna bin wannan hanya kowace rana, amma kaɗan ne cikinsu suka san cewa shekaru fiye da 200 da suka wuce wani Sarkin Zazzau ya sauka a Zuban nan yana neman mafaka, kuma sunan ƙanensa ne babban birnin Nijeriya yake amsawa. Wannan sarki shi ne Muhammadu Makau ɗan Isiyaku Jatau, na 60 kuma na ƙarshe cikin jerin sarakunan Haɓe da suka zauna birnin Zariya.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a kawo tarihinsa shi ne, a makarantunmu akan karanta labarin jihadi ne daga bakin waɗanda suka ci nasara, su kuwa sarakunan da aka kora sai a ambace su a layi ɗaya a wuce. Ta haka ɗalibai da yawa suke fita da zaton cewa duk sarkin da jihadi ya kawar kafiri ne, kuma tarihinsa ya ƙare ran da ya bar gadon sarauta. Rayuwar Makau ta nuna ba haka al'amarin yake ba. Ita kanta kalmar Haɓe ta Fulatanci ce, da ita Fulani suke kiran waɗanda ba Fulani ba, tilonta Kaɗo. Marubutan tarihi ne suka ɗauke ta suka laƙaba wa gidajen sarautar Hausa na kafin jihadi, ba ta kuwa nufin wanda ba ya salla.

ZAZZAU DA YA GADA

Zazzau ita ce ta kudu cikin Hausa Bakwai. Jerin sarakunanta ya fara ne daga Gunguma, ya biyo ta kan Bakwa Turunku, wanda ake danganta Sarauniya Amina da gidansa, har ya iso kan Isiyaku Jatau, mahaifin Makau. Tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Makau Musulunci ya shiga fadar Zazzau. Sarakuna suna da sunayen Musulmi, akwai limamai cikin masu faɗa a ji a fada, akwai kuma tsofaffin unguwannin malamai irin su Kona da Juma, inda almajirai suke zuwa daga nesa ɗaukar karatu. A wancan zamani Zazzau tana kai gaisuwa Barno, wadda ita ce babbar daular Musulunci a wannan yanki. Ta kudu kuwa ikonta ya kai Kauru da Kajuru da ƙasashen Gwari da Koro. Daga can take samun gandu, daga can kuma ake kamo bayi, waɗanda su ne babban arzikin sarauta a lokacin.

Cikin wannan gida Makau ya tashi, tare da 'yan'uwansa Abu Ja da Abu Kwaka, waɗanda su ma Allah ya ƙaddara kowannensu zai yi sarauta, amma ba a Zariya ba.

Yana cikin ƙarfinsa al'amarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso a ƙasar Gobir. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, a watan Yuni kuma jama'arsa suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Bayan wannan nasara sai Shehu ya aika wa sarakunan ƙasar Hausa takardu yana bayyana musu abin da ya haɗa shi da Gobir, yana kiransu su taimaki gaskiya su gyara mulkinsu bisa shari'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, cewa sarakunan Katsina da Kano ba su amsa ba, amma Sarkin Zazzau Jatau ya amsa. Watau gidan su Makau ya miƙa wa Shehu hannu. Sai dai fadawa da manyan gari ba duka suka bi sarkinsu a kan wannan ba, kuma da Jatau ya rasu Makau ya hau gado, sai ya juya wa alkawarin mahaifinsa baya.

ABIN DA AKA YI JAYAYYA A KAI

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya gane abin da ya raba Makau da masu jihadi. Ba a kan salla ko azumi aka saɓa ba. Shehu ya jera laifuffukan mulkin sarakunan Hausa cikin littafinsa Kitabul Farƙi, kuma galibinsu sun shafi zaman sarki da talaka ne: ɗora wa mutane harajin da shari'a ba ta sa ba, kamar jangali da kuɗin gari, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da ƙwace dukiyar talakawa, da tilasta wa mutane fita yaƙi, da riƙe sarauta da ƙarfi ba da shawarar jama'a ba. Ban da wannan an zarge su da garwaya Musulunci da al'adun gargajiya, da kuma taimakon Gobir a kan jama'ar Shehu.

Tun a wancan lokaci ma ba dukan malamai suka yarda cewa waɗannan laifuffuka sun halatta yaƙi ba. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya yi musayar takardu da Muhammadu Bello, yana kafa hujja da cewa mutanen da suke salla, suke azumi, suke ba da zakka, saɓo ba ya fitar da su daga addini. Bello ya mayar masa da cewa wanda ya goyi bayan masu yaƙar jama'ar Musulmi hukuncinsa ya zama irin nasu. Abin lura shi ne Bello bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba, shi da kansa ya kwafe takardun Alkanemi cikin littafinsa, shi ya sa muka san su. Haka kuma ba yaƙin ƙabila aka yi ba, domin cikin manyan mabiyan Shehu akwai Abdussalami na Gimbana wanda Ba'are ne, da Yakubun Bauci wanda ba Bafulatani ba ne, a Zariya kanta kuma akwai malamai da manyan Hausawa da suka bi tutar jihadi.

In aka duba halin da Makau ya sami kansa, ba wuya a gane abin da ya ja shi. Gidansa yana da tsohuwar alaka da Barno, wadda ta ƙi jihadin. Fadawansa da harajin nan da ake kuka da shi suke ci. Ga shi kuma ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa Sarkin Kano Alwali, wanda bayan an karya shi a Ɗanyaya ya gudo Zariya, daga baya ya koma Burumburum, can aka kashe shi. Makau ya zaɓi ya tsaya da tsohon tsari, wannan zaɓi kuwa shi ya raba shi da garin kakanninsa.

FITA DAGA ZARIYA

Wanda Shehu ya ba tutar Zazzau shi ne Malam Musa Bamalli, almajirinsa, wanda ya san Zariya tun da can. Tare da shi akwai Yamusa, daga Fulanin Barno, da Abdulkarimu, daga Fulanin Katsina. Rundunarsu ta arewa ta ɓullo, ta wajen iyakar Kano, watau ta ratsa wannan yanki namu da yau ya ƙunshi Ikara da Makarfi da Kudan, kuma labarin da aka gada yana ambaton Hunkuyi cikin wuraren da aka gwabza kafin a isa birni.

A kan ranar da Zariya ta faɗi akwai ƙauli biyu. Mutanen Abuja sun riƙe cewa a 1804 ne, ranar Salla, Makau ya fita bayan gari shi da jama'arsa suna masallacin Idi aka auka musu, aka tsare masa hanyar komawa fada. Masu binciken tarihi na baya kuwa, da suka gwama wannan da rubuce-rubucen Sakkwato, sun kai faɗuwar birnin ƙarshen 1808, shekarar da aka ci Alƙalawa. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin in dai Jatau ya karɓi takardar da Shehu ya aiko bayan Tabkin Kwatto, to yana da rai har bayan tsakiyar 1804, ba zai yiwu a ce an kori ɗansa daga sarauta kafin nan ba. Amma duk da haka labarin masallacin Idi yana da abin da yake koya mana. Zuriyar Makau sun zaɓi su tuna da kakansu ne yana kan salla aka far masa, wannan kuwa amsa ce ga duk wanda zai ce don kafirci aka kore shi.

Makau bai fita shi kaɗai ba. Ya fita da 'yan'uwansa, da sarakunan fada da yawa, da bayi, da abin da ya samu na kayan sarauta. Ya nufi Kauru, ba a buɗe masa ƙofa ba. Ya wuce Kajuru aka karɓe shi, masu jihadi suka biyo shi suka kewaye garin watanni ba su kama shi ba. Daga nan ya ƙara yin kudu har Zuba, cikin Koro, waɗanda tun da suna ƙarƙashin Zazzau, suka kuwa karɓe shi a matsayin sarkinsu.

ZAMAN ZUBA DA RASUWARSA

Sauran kwanakin Makau duk a sansani suka ƙare. Bai gina birni ba, bai kuma yarda cewa an tuɓe shi ba. A ganinsa da na mutanensa shi ne Sarkin Zazzau, waɗanda ke Zariya kuwa baƙi ne da suka zauna gidansa. Ya ci gaba da naɗa sarautun fada yadda aka saba, yana karɓar gandu daga garuruwan da suka amsa masa, yana yaƙar waɗanda suka ƙi. Daga arewa rundunonin Zariya suna kawo masa hari, a kewayensa kuma sababbin masarautu masu bin tutar jihadi suna ta kafuwa, irin su Keffi da Jama'a, daga baya kuma Nasarawa. Malam Musa ya rasu a 1821, Yamusa ya gaje shi, Makau yana nan dai a kudu bai miƙa wuya ba. A 1825 ya kai wa Lapai yaƙi, can ajalinsa ya same shi, aka kashe shi a fagen fama.

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da Makau ya zama kamar Alwali na Kano, sarkin da aka kora ya mutu gidansa ya watse. Amma jama'arsa suka naɗa ƙanensa Abu Ja, wanda ake kira haka saboda hasken fatarsa. Shi ne ya ga cewa zaman sansani ba zai ɗore ba, a 1828 ya kafa gari kusa da kogin Iku, ya kewaye shi da ganuwa, aka riƙa kiran garin da sunansa, Abuja. Ya yi sarauta har 1851, Abu Kwaka, wanda ake yi wa laƙabi da Dogon Sarki, ya gaje shi har 1877, sa'an nan Ibrahim ɗan Abu Ja ya hau. Duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa cin Abuja da yaƙi ba, ba ta kuma bi Sakkwato ba, sai a 1902 da sojan Turawa suka shiga garin.

Ba Zazzau kaɗai ce ta rabu biyu haka ba. Gidan sarautar Katsina na dā ya koma arewa ya zauna Maraɗi, inda ake kiran sarkin Sarkin Katsina. Gobirawa suka kafa Tsibiri. Sarakunan Daura suka zauna Zango da Ɓaure, har farkon zuwan Turawa aka mayar da gidansu birnin Daura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ya tafi da sunan ƙasarsa, da tamburansa, da jerin sunayen kakanninsa, ya ci gaba da zama Musulmi.

ABIN DA GIDANSA YA AJIYE

A Zariya, gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa suka riƙa karɓar sarauta a tsakaninsu. Sun sauya tsarin fada, sun ƙarfafa alƙalanci da karatu, a zamanin Sarki Abdulkarimu kuma Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na birni, wanda ya zama abin alfahari ga magina na ƙasar Hausa duka. Tsohon tsarin Zazzau kuwa, da sarautunsa da yadda ake zaɓen sarki da naɗa shi, a Abuja ya saura. Malam Hassan, wanda ya zama Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi suka tattara wannan tarihi daga bakin dattawa suka rubuta shi da Hausa, aka buga fassararsa da Turanci a 1952. Da M. G. Smith ya zo rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, da abin da mutanen Abuja suka ajiye ya dogara wajen gano yadda fadar Zariya take kafin jihadi. Ashe ke nan Bazazzagin da ke son sanin asalin garinsa ba shi da makawa sai ya bi sawun wanda aka kora.

Akwai kuma ƙauli na uku da bai kamata a danne ba, shi ne na mutanen da Makau ya tarar a kudu. Ga Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da sauran maƙwabtansu, zuwan sarautar Zazzau kusa da su ya zo da hare-hare da kamun bayi, daga Abuja da kuma daga masarautun da ke gaba da ita. Laƙabin da aka yi wa Sarki Ibrahim, watau Dodon Gwari, ya isa shaida. Wanda ya tausaya wa Makau don an raba shi da gidansa, adalci ne ya tuna da waɗanda su ma aka raba da nasu a hannun gidansa.

DAGA ABU JA ZUWA BABBAN BIRNIN TARAYYA

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Ran 3 ga Fabrairu 1976 aka ba da sanarwar kafa sabon Birnin Tarayya, kwana 10 kafin a kashe Murtala. Babban ɓangare na filin daga ƙasar masarautar Abuja aka yanke shi, har da Zuba. Sunan ma aka ɗauka aka ba sabon birni, shi kuwa tsohon garin, wanda ya saura cikin Jihar Neja, aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Sarautar Suleja kuwa ba ta saki sunanta na asali ba, Sarkin Zazzau ake kiran mai riƙe da ita, kamar yadda ake kiran na Zariya.

Wannan matsala ta yadda al'umma za ta haɗa tarihinta na dā da addininta da ƙasarta ta yau ba mu kaɗai ta shafa ba. Girkawa sun fara yaƙin neman 'yanci daga Turkawa a 1821, shekarar da Malam Musa ya rasu. Da suka sami ƙasa sai suka tarar da gado iri biyu: na tsofaffin Girkawa masu bautar gumaka waɗanda suka shahara da ilmi, da na daular Rum ta Kirista wadda Turkawa suka ci babban birninta a 1453. Waɗansu masanansu suka so a ɗauki na farko a yar da na biyu, malaman coci kuma suka ƙi. A 1834 aka mayar da babban birni Atina saboda tsohon sunanta, alhali a lokacin ƙaramin gari ce. Sai da wani masanin tarihinsu mai suna Paparrigopoulos ya fara fitar da babban littafinsa a 1860, inda ya jera zamunnan nan a matsayin tarihin al'umma ɗaya, sa'an nan aka sami abin koya wa yara wanda bai zubar da kowane ɓangare ba.

Mu ma abin da ke gabanmu ke nan. Jihadin Shehu Usmanu ya kawo gyara wanda ba mai musunsa, ya bar mana littattafai da ma'aunin da har gobe za a iya auna mai mulki da shi. Girmama shi bai hana a san cewa Zazzau ta yi sarakuna 60 kafinsa, kuma na ƙarshensu Musulmi ne da ya yi kuskuren zaɓi a ganin waɗansu, ya kare gadonsa a ganin waɗansu. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a ofis a Abuja, ko daga wace jiha ya fito, yana rubuta sunan ɗan Isiyaku Jatau a kan kowace takarda da ya aika.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu na Dandamisa da sauran garuruwan Makarfi da Ikara da Kudan, waɗanda ƙasarsu ce rundunar Malam Musa ta ratsa, su zauna da dattawan garuruwansu tun suna da rai. Su tambaye su wa ya kafa garin, daga ina ya zo, gidan wa ke da sarauta kafin jihadi, wa ya karɓa bayansa, ina waɗanda suka tashi suka nufa. Su rubuta abin da suka ji yadda suka ji shi, ko ya yi wa gidansu daɗi ko bai yi ba, su kai wa malamansu na tarihi, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don adana irin wannan. Haka Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka yi, shi ya sa yau muke da abin faɗi a kan Makau.

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, waɗanda suka zauna da waɗanda suka tashi, ya gafarta musu kurakuransu, amin.